Kwana 56 da Damina Guda: Lacca a kan Tsare Wanda Ake Zargi

Shugaban taro, masu girma alƙalai, wakilan Masarautar Haɗejiya, 'yan uwana lauyoyi, na gode da gayyata. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka gaisuwa ta tsaya nan.

In ka je Guri ko Kiri Kasamma ka tambayi tsohuwa ina ɗanta, sai ta ce maka, "An ɗaure shi." Ka bi sawu zuwa kotu, ka tarar ba a saurari shaida ko guda ba. Ajiye shi aka yi a gidan gyaran hali kafin a fara shari'a. Mukan yi mata gyara, mu ce ajiya daban, ɗauri daban, tunda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Shekaru ina yi wa mutane wannan gyara, har na gane tsohuwar ta fi mu gaskiya. Ɗaki ɗaya ne, sauro ɗaya ne. Wanda aka yanke wa hukunci ma ya fi ɗanta gata, don shi ya san ranar fitarsa.

Ba zan ɓata lokacinku da yawan masu jiran shari'a ba. Kun san kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Kun san kuma yadda abin ke tafiya: a kawo mutum gaban majistare da zargin kisa ko fashi da makami, majistare ba shi da hurumi, ya sa hannu a ajiye shi, fayil ya kama hanyar Dutse neman shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Daga nan sai addu'a.

Ga lissafin da abokaina suka gaji da ji daga bakina, yau ma sai na maimaita. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 296, ta ba alƙali kwana 14 na ajiya. In an kawo dalili mai ƙarfi, a ƙara 14. In suka ƙare mutum yana ciki, kotu ta kira hukumar da ta nemi a tsare shi ta zo ta yi bayani cikin kwana 14. In bayanin ya gamsar, a ƙara 14 na ƙarshe don a gurfanar da shi. Jimla kwana 56, bai cika wata biyu ba. In ba a kawo dalili ba, doka ta ce a sallame shi. Jigawa ta yi tata dokar a 2019, ita ma a kan wannan turba ta sa wa ajiya iyaka.

To ku ɗauki kwana 56 ɗin nan ku kai shi fadama. Shinkafa tana son wata uku zuwa huɗu daga shuka zuwa yanka. Manomin Auyo da aka kama farkon damina, in an bi doka sau da ƙafa, zai fito ya tarar da gonarsa ta sha ciyawa, amma zai ci wani abu. In fayil ya yi barci wata huɗu, damina ta tafi. In ya kai wata takwas, noman rani ya bi ta, injin ban ruwa an sayar an biya kuɗin zirga-zirga, bashin taki yana nan. Makiyayi kuwa lissafinsa ya fi muni: kowace ɗaga zama saniya ce ko tunkiya. Masunci yana da 'yan watannin da ruwa ke ja da baya kifi ya taru, in suka wuce sai baɗi. A Abuja kwana 14 lamba ce a takarda. A bakin Kogin Haɗejiya, inda ambaliyar 2022 ta bar gidaje da yawa ba su da rumbu, kwana 14 na iya zama abincin shekara. Na taɓa riƙe shari'ar wani magidanci da aka ajiye kan rikicin gona da dabbobi. Damina biyu ya yi a ciki, shawara ta fito cewa babu tuhumar da zai amsa. Ya fito ya tarar gonar tana hannun mai bin sa bashi. Babu wanda ya ce masa ko sannu.

Na san amsoshin. Za a ce Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan ajiya a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Ta halatta, amma ba ta ce a manta da mutum ba, kuma dokar 2015 ta zo bayanta. Za a ce sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ware laifukan da hukuncinsu kisa ne. Haka ne, shi ya sa wasu masu gabatar da ƙara suke saurin rubuta fashi a inda aka yi faɗan sanda. Za a ce babu mai a mota. Wannan uzurin gwamnati ne, bai kamata fursuna ya biya shi da fatarsa ba. Malamanmu ma sun san hadisin da ya nuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsare wani bisa tuhuma sannan ya sake shi. Tsarewar bincike ce mai ƙarewa.

Akwai wata ajiyar da ba a cika magana a kanta ba, wadda ke zuwa bayan ɗaukaka ƙara. Kotun sama ta ga kuskure a shari'ar ƙasa, ta soke hukunci, ta mayar da shari'ar a sake ta daga farko. Dangi su ji an soke hukunci su fara murna, alhali mutumin ya koma sahun masu jira ne. Shari'ar Yahaya Sharif-Aminu a Kano misali ce, kuma ba batun laifin nake yi ba. An yanke hukunci a 2020, Babbar Kotu ta soke shi a 2021 saboda an yi shari'ar ba lauya, ta ce a sake. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2022. Kuskuren rana ɗaya a kotun farko ya haifi shekaru. Wanda aka mayar da shari'arsa ya kamata ya zama na farko a jerin kotu, ba ya sake bin layi ba.

Abin da nake nema tsoho ne. Kada alƙali ya sa hannu a takardar ajiya sai da ranar dawowa a rubuce, a kuma faɗa wa mutumin ranar da bakin da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Ma'aikatar Shari'a ta ba lauyoyinta ikon fitar da shawara a nan Haɗejiya, ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan sun isa a yi musu haka. Ziyarar wata-wata da sashe na 34 na dokar 2015 ya ɗora wa majistare zuwa ofisoshin 'yan sanda, a yi ta, a kuma rubuta abin da aka gani. Zagayen da Babban Joji ke yi yana sakin mutane alheri ne, amma duk wanda aka saka a irin wannan rana shaida ne cewa wani a cikinmu bai yi aikinsa ba.

Tun 2023 gyaran Tsarin Mulki ya ba jihohi dama su sa hannu a harkar gidajen gyaran hali, don haka cewa "na tarayya ne" ta daina zama mafaka. Ranka ya daɗe shugaban taro, ina roƙon kafin ruwan farko na bana, kowane alƙali a zauren nan ya nemi sunayen waɗanda ya ajiye, ya ƙirga kwanakinsu.