Rukuni Kafin Gudu: Inda Sabon Shiga Zai Fara Tseren Babur, da Abin da Ya Rage wa Hukuma

Takardar da aka gabatar a taron matasa da wasanni, Birnin Gwari

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, zan shiga magana kai tsaye.

Gabatarwa

Babu wanda ke cikin wannan zaure da bai san ana tseren babur a ƙasar Birnin Gwari ba. Ana yi ranar ɗaurin aure, ana yi da yammacin Sallah, ana yi duk inda hanya ta ɗan miƙe. Yaro ya kwanta rub da ciki a kan tanki, ya miƙe ƙafafu baya, ya murɗe totur har ƙarshe, kansa ba hular kwano, ƙafarsa silifa. Mai Boxer ɗari yana kafaɗa da kafaɗa da mai ɗari da hamsin, ga wani da bakanike ya buɗe masa bulo ya cire salansa, dukkansu a layi guda, ga mata da yara a bakin hanya. Hujjata a wannan takarda ita ce, abin da ke mayar da wannan haɗari wasa shi ne rarraba babura rukuni-rukuni da auna gudun kowa shi kaɗai, kuma sabon shiga wurinsa rukunin ƙasa ne, da babur ɗin da yake da shi a hannu.

Yadda masu abin suka tsara shi

Tseren neman ƙololuwar gudu a miƙaƙƙen fili ya bambanta da tseren da muka saba. Mutum ɗaya ake saki, ya ɗauki zango ya kai iyakar gudunsa, na'ura ta auna lokacin da ya ci tsakanin alamomi biyu. Babu gogayya, babu shan gaban wani. Abokin karawarka lamba ce da ke rubuce a littafi.

Amurka ma da hargitsi ta fara. A shekarun 1930 samarin Kalifoniya kan kwashi motocin da suka yi wa gyaran hannu su tafi busassun tafkuna su yi ta gudu a tare cikin ƙura. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA domin auna gudu da tsara rukunai, a 1949 kuma suka fara gasar shekara-shekara a filin gishiri na Bonebil da ke jihar Yuta, wadda har yau ake yi a watan Agusta. Samarin ne suka rubuta dokar, hukuma ta ba su fili.

A tsarinsu abu uku ke tantance rukunin babur. Na farko gangar jiki: ko yadda kamfani ya fitar da shi, ko wanda aka yi wa gyara, ko wanda aka ƙera musamman, ko wanda aka lulluɓe da kwanso don ya tsaga iska. Na biyu irin inji da abin da yake sha: fetur zalla ko wani mai daban, da na'urar cusa iska ko babu. Na uku girman inji, kuma matakansa sun fara tun daga cc 50, sai 100, 125, 175, 250, 350, 500, har zuwa 3000. Ku lura da wannan: akwai rukunin 50, akwai na 100. Babur irin wanda ɗan acaɓa ke neman abinci da shi yana da shafinsa a littafin tarihi ɗaya da na manyan injuna.

Manyan lambobin kowa ya ji su. A ranar 15 ga Oktoba 1997 Andy Green ya yi gudun kilomita 1,228 a sa'a da motar ThrustSSC a hamadar Nebada. A 2010 Rocky Robinson ya kai kilomita 605 a sa'a da babur a Bonebil. Amma wanda ya fi dacewa da mu shi ne Burt Munro, mutumin Niyuzilan, wanda a 1967, yana da shekara 68, ya kafa tarihin kusan kilomita 296 a sa'a a rukunin da bai wuce cc 1000 ba, da babur Indian ƙirar 1920 da ya shekara da shekaru yana gyarawa a rumfarsa. Ya san rukuninsa, ya zauna a ciki.

Yadda sabon shiga zai zaɓa

Kuskuren da ya fi yawa, a can da nan, shi ne mutum ya gama kashe kuɗi a babur sannan ya tambayi inda za a sa shi. Doka ake fara karantawa, a duba lambar da ke rubuce a kowane rukuni, a tambayi masu duba babura, kafin a taɓa sifana.

Dalili na farko awon inji ne. Lambar da ke jikin babur suna ne na kasuwa. Boxer ɗari da hamsin injinsa bai cika cc 145 ba, amma da yake ya haura 125, a tsarin Bonebil rukunin 175 zai faɗa, ya kara da wanda ya fi shi da cc 30. Haka wanda ya kai ɗari wurin bakanike. Kun san yadda ake yi: a sauke bulo, a kai wurin mai injin huda, a faɗaɗa ramin, a sa fistin da ya fi girma da sabon ringi, a mayar. Mai babur ya tafi yana murna ya sami ƙarfi, alhali ya fita daga saman rukunin 100 ya koma wutsiyar rukunin 125. Kuma ba a ɓoye wannan, domin duk wanda ya kafa tarihi ana tsare babur ɗinsa a auna injin kafin a rubuta sunansa.

Dalili na biyu iska ce, kuma a nan kuɗi ke ƙonewa. Ƙarfin da ake bukata don tsaga iska yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu sau gudu. In kana son ninka gudunka biyu, ƙarfi ninki takwas za ka nema. Daga kilomita 100 zuwa 110 a sa'a kaɗai, sai ka ƙara kusan kashi 33 cikin ɗari. Daga 100 zuwa 120, kashi 73. Wane bakanike ne zai ciro maka wannan daga injin ɗari ba tare da ya kashe shi ba? Shi ya sa a ƙaramin rukuni abin da ke raba na ɗaya da na biyu shi ne zaman mahayi, da iskar taya, da ɗaurin kaca, da saitin kafireta, da sanin lokacin sa giyar ƙarshe. Duk waɗannan ilimi ne da ake samu da araha, kuma shi mutum zai hau da shi rukuni na gaba.

Dalili na uku rai. A Bonebil ba a barin baƙo ya fara da iyakar abin da injinsa zai iya. Lasisi hawa-hawa ne: matakin farko ƙasa da mil 125 a sa'a, wato kusan kilomita 200, sai 125 zuwa 149, sai 150 zuwa 174, sai 175 zuwa 199, kowane sai an ga ka yi shi lafiya kafin ka wuce. Idan masu sulken fata da motar asibiti a gefe suna bin wannan tsani, yaron da bai taɓa sa hular kwano ba me zai kai shi babban babur? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Masu sukuwar dawaki a Kaduna da Kano da Katsina sun daɗe da gane haka, ba sa jera dokin Arewa da na Sudan a zango guda.

Don haka ga abin da nake ganin ya ishe mu a farawa. Rukunai uku: cc 100 yadda kamfani ya fitar, cc 125 haka nan, sai rukunin gyararru da ba su wuce 150 ba. Duk sabon shiga ya fara a na farko, ya cika kaka guda. A auna kilomita ɗaya, a yi zuwa da dawowa a ɗauki tsaka-tsaki, kamar yadda dokar duniya ta tanada don kada iska ta taimaki wani. Lissafin ba shi da wuya: daƙiƙa 40 gudun 90 ne, daƙiƙa 36 gudun 100. Sai dai kuskuren daƙiƙa ɗaya a agogon hannu yana sauya sakamako da kusan kilomita 3, don haka na'urar awo dole ce in ba a son rigima.

Inda hukuma ta tsaya

Za a ce mini babur a wannan daji kayan aikin 'yan bindiga ne. Mu za a gaya wa? Amma mu duba abin da aka gwada. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta hawa babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a karon farko, ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi. Manomi ya taka da ƙafa, ɗan acaɓa ya zauna. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. A Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Wanda dokar ta kama shi ne wanda dama yake bin doka.

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamba 2024 ake ta jawabin samar wa matasa abin yi. To ga abin yi. Gasar da sai ka kawo takardun babur, da lasisi, da shaidar mai unguwa kafin a rubuta sunanka, rajista ce da hukuma ta kasa yi da ƙarfi, za ta same ta a kyauta. Amma ka kai wannan magana ofis, mai kula da wasanni zai ce ta tsaro ce, mai tsaro ya ce ta masu kiyaye haɗurra ce, su kuma su karanto maka cewa iyakar gudun babur a titi kilomita 50 ne. Mun sani. Shi ya sa muke neman fili da ba titi ba.

Kada kuma a ce sai an yi kwangilar biliyoyi. A Hakskin Fan da ke Afirka ta Kudu mutanen karkara sama da 300 ne suka tsince duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu, a kan filin ne motar Bloodhound ta yi gudun kilomita 1,010 a sa'a a 2019. Mu kilomita uku muke nema, ɗaya na ɗaukar gudu, ɗaya na awo, ɗaya na tsayawa.

Shawarwari

Ƙaramar hukuma da masarauta su ware fili nesa da gidaje da burtali. Jami'an tsaro su faɗi ranakun da suka amince da su a rubuce. Ƙungiyar bakanikai ta fitar da mutanen da za su riƙa auna inji. Ba hular kwano, da takalmi sau-ciki, da safar hannu, ba hawa. Motar asibiti ta iso kafin babur na farko ya tashi. Batun inshora da kuɗin shiga kwamiti ya duba.

Ga matasa kuma: kada wanda ya kai babur ɗinsa a buɗe masa bulo kafin a fitar da dokar rukunai a rubuce. Ga jami'an da ke zaune a gaba: muna son amsa kan fili kafin damina ta sauka, kuma a takarda muke son ta.