Ƙwara nawa za mu gwada kafin mu sayi iri? Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya



Kun san abin da ya tara mu. Damana ta wuce, noman rani ya matso, kuma ƙungiya ta yanke shawarar sayen irin albasa a dunƙule da kuɗin da kowa ya zuba. Kun kuma san abin da ya faru bara. Wani ɗan'uwanmu ya ɗebi ƙwara 10 daga irin da anka kawo, ya jiƙa su, 6 sunka tsira. Ya ce an cuce mu. Wani ya ɗebi 10 daga buhu guda ɗin nan, 9 sunka tsira, ya ce iri lafiya lau. Magana ta yi zafi, har yau akwai gidaje biyu da gaisuwarsu ba ta koma daidai ba. Mun zo mu nuna maku cewa cikin mutanen nan biyu babu maƙaryaci. Ƙwara 10 ce ta yi kaɗan ga shari'ar da anka ɗora mata.

Abin da munka yi da yara a lakwal

Mun zuba wake 100 cikin ƙwarya, 80 fari, 20 ja. Fari shi ne irin da ke tsira, ja shi ne matacce. Kowane yaro ya rufe ido, ya ɗauki ƙwara ɗaya, a rubuta launinta, a mai da ita, a motsa, har sau 10. Ƙwarya ɗaya ce, waken bai canza ba, amma wani ya samu fari 8, wani 7, wani 9, wani yaro ma ya samu 6 har ya ce ƴan'uwansa sun yi masa wayo. Ba wanda ya yi masa wayo. Haka ɗiba take.

Wanga abu yana da lissafi na daidai, wanda ba ya barin ko ƙwara. Wani masani ɗan garin Basel a ƙasar Suwis, Jacob Bernoulli, ya shimfiɗa shi cikin littafin da anka buga a 1713, bayan rasuwarsa. Hanyar ita ce a ƙirga duk yadda abu zai iya faɗuwa. In ƙwara 2 ce, hanya 4 ce: duka su tsira, duka su mutu, ta fari kaɗai ta tsira, ko ta biyu kaɗai. In ƙwara 10 ce, hanyoyin sun kai 1024. Da anka bi su ɗaya bayan ɗaya, ga abin da ke fitowa ga iri mai kyau, wanda 80 cikin 100 ke tsira, in mutum 100 sunka gwada ƙwara goma-goma:

Kusan mutum 11 za su ga duka 10 sun tsira.
Kusan 27 za su ga 9.
Kusan 30 za su ga 8.
Kusan 20 za su ga 7.
Kusan 12 za su ga 6 ko ƙasa da haka.

Ku duba layin ƙarshe. Ko iri na da kyau, mutum 12 cikin 100 za su ga abin da ɗan'uwanmu ya gani bara, su tafi suna zargin mai sayarwa. Ku kuma duba ta ɗaya gefen. In irin tsoho ne, wanda 60 kaɗai ke tsira cikin 100, mai gwada ƙwara 10 zai ga 8 ko fiye kusan sau ɗaya cikin 6. Wannan zai biya kuɗi da murna, sai ya je fangali ya tarar da kusan rabin wurin fili. Ke nan ƙwara 10 na iya ɓata sunan mai gaskiya, tana kuma iya wanke maras gaskiya.

In an ƙara ƙwara

Sai mu ce to a gwada 100. Nan lissafin daidai ya yi nauyi, don hanyoyin da ƙwara 100 za ta iya faɗuwa lamba ce mai gurbi 31, allon lakwal ɗinmu da ƙyar zai ɗauke ta. Wani Bafaranshe da ke zaune a Landan, Abraham de Moivre, ya gano gajeriyar hanya a 1733. Ya lura cewa in ƙwarori sun yi yawa, sakamakon gwaji yana taruwa kamar tsibin hatsi a masussuka: tudu a tsakiya, yana gangarowa daidai ta kowane gefe. Ba sai ka ƙirga kowace ƙwara ba, ka san tsakiyar tsibin da faɗinsa ya isa. Wannan shi muke kira lissafin kusa.

Ga yadda ake yi, kuma duk yaron da ya kai ajin ƙarshe na firamare zai iya. A ninka masu tsira da matattu, a raba da jimla: 80 sau 20, a raba da 100, ya ba da 16. A nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4. A ninka 4 sau biyu, 8 ke nan. A cire 8 daga 80, a kuma ƙara 8 bisa 80. Ma'ana, iri mai kyau zai ba da tsakanin 72 da 88, fiye da sau 95 cikin gwaji 100. Shi kuwa tsohon irin nan mai 60, yawanci tsakanin 50 da 70 zai tsaya, kuma da wuya ya kai 72, bai wuce kamar sau ɗaya cikin 100 ba. Da ƙwara 100, mai kyau da tsoho ba su cika shiga rigar juna ba.

Amma mu faɗa maku iyakarta. Ƙwara 100 ba ta iya raba iri mai 75 da mai 80. In ana son a matse tazarar ta ragu da rabi, sai an ninka ƙwarori sau 4, ba sau 2 ba. Shi ya sa a ƙa'idar ƙungiyar gwajin iri ta duniya, wadda anka kafa a 1924, ƙwara 400 ake gwadawa, kashi 4 na ɗari-ɗari. Ga iri mai 80, abin da za a sa rai shi ne tsakanin 304 da 336 cikin 400.

Inda gajeriyar hanya ke ɓad da mutum

Lissafin kusa na son yawa. In anka kai shi wurin ƙwara kaɗan, sai ya yi shirme. Ku gwada da ƙwara 10 da dukansu sunka tsira. Matattu sifiri ne, 10 sau sifiri sifiri ne, sai lissafin ya ce maka babu shakka ko kaɗan, irin nan ba ya da matacce. Ƙarya ce. Mun riga mun ga cewa iri mai 80 na ba da 10 cikin 10 kusan sau 11 cikin 100. Ko mai 75 yana yin haka kusan sau 6 cikin 100. Don haka dokar ita ce: in ƙwara kaɗan ce, a bi lissafin daidai. In da yawa ce, kuma akwai masu tsira da matattu isassu, lissafin kusa ya wadatar. Mai keke na bin gajeriyar hanya da rani, amma ba ya shiga ƙoramar Majiya ranar da ta kawo.

Kada ku ɗauka wanga lissafi na manoma ne kaɗai. Wayar da ke aljihunku da shi take aiki. A 1909 wani ma'aikacin kamfanin waya a Kopenhagen, ƙasar Danmak, mai suna Erlang, ya nuna cewa kiran da mutane ke yi, kowa a lokacin da ya ga dama, yana bin wani lissafin kusa da Bafaranshe Poisson ya fitar a 1837, na abin da kowane mutum ɗaya bai cika yi ba amma mutanen na da yawa. Da irin wannan ne ake auna layi nawa gari ke bukata. Ranar salla kuwa kowa na kira a sa'a guda, sharaɗin lissafin ya karye, sai ku ji kira ya ƙi shiga. Kowane lissafin kusa yana da sharaɗinsa, kuma ya kamata mai amfani da shi ya san sharaɗin.

Me ya sa albasa ta fi bukatar gwaji

Irin hatsi na jure ajiya in ya bushe da kyau. Irin albasa ba haka yake ba, ƙarfinsa na raguwa da sauri, shekara ɗaya ko biyu cikin zafin ƙasarmu ta isa ta kashe da yawa daga ciki, kuma ido ba ya bambanta sabo da tsoho. Albasar nan ta Galmi da ake nomawa daga kwarin Tarka har kwarin Majiya, wadda motoci ke kaiwa Abijan da Akara, da ita da yawanmu ke biyan bashi, su yi sutura, su cike gibin rumbu. Wanda irinsa ya ƙi tsira ya yi asarar kuɗi, ya kuma yi asarar kwanaki, kafin ya sake zuba wani sanyi ya yi nisa, dashensa ya makara. Dattawan da sunka ga 1973 da 1984 sun fi mu sanin darajar iri.

Shawarar da muke ba ƙungiya

1. Kada a biya kuɗi duka sai an gwada. A gaya wa mai sayarwa tun farko, a gabansa za a ɗebi samfur.

2. A ɗiba daga sama, da tsakiya, da ƙasan kowane buhu, a gauraya. Kada a zaɓi manyan ƙwarori. In ɗibar ta karkata, duk lissafin da munka yi ya tashi banza, ko ƙwara dubu anka gwada.

3. A ƙirga ƙwara 400, a raba faranti 4, ɗari-ɗari, a kai gidaje 4 dabam. A shimfiɗa su bisa tsumma mai laima, a rufe, a ajiye a inuwa inda ba zafi, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi tabki.

4. Albasa a ƙirga rana ta 6, a yi ƙirgar ƙarshe rana ta 12. Hatsi kwana 7 ya isa. Wanda ya fid da saiwa da kai lafiyayyu shi ake ƙirgawa.

5. In mai iri ya ce nasa 80 ne cikin 100, kuma jimla ta kai 304, a karɓa. In ba ta kai ba, a zauna da shi a yi maganar kuɗi cikin mutunci. Iri mai 60 ba na zubarwa ba ne, sai dai inda ake zuba awo 3 na mai 80, shi sai an zuba 4, don haka kuɗinsa ya kamata ya sauka daidai da haka.

6. Mai saye shi kaɗai, don garkarsa, ya gwada 100. In ya samu 72 ko fiye, ya saya.

7. Kada wani ya sake kiran ɗan'uwansa macuci a kan ƙwara 10.

Yaran ajin ƙarshe sun yarda su yi ƙirgar, su rubuta cikin kaye, magatakardan ƙungiya ya sa hannu. Faranti da tsumma kawai muke roƙo daga iyayenmu mata. Duk mai son ya ga gwajin waken nan da idonsa, ƙwarya na lakwal, ya zo bayan la'asar ya ɗiba da hannunsa, don gani ya kori ji.

Ga gidajen nan biyu kuwa, muna roƙonsu don Allah su bar maganar bara. Kowannensu abin da ya gani ya faɗa.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya tsare mana amfanin gona, ya ƙara haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.