Amsar Wasiƙunku: Motar Da Ke Mutuwa A Hanya Ta Sake Tashi

Wasiƙar wannan mako daga Bungudu ta fito, daga wani bawan Allah mai fataucin hatsi. Ya ce yana da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, da ita yake kai gero da dawa Gusau da Tsafe. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma in tafiya ta miƙa, wajajen Kwatarkwashi haka, sai ta mutu. In ya jira kamar minti goma ya sake bugawa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana kuma a je a dawo ko tari ba ta yi ba. An wanke kafireto sau uku, an sake fulogi, an sake batir, har yanzu jiya-i-yau. Yana tambaya: a sauke inji ne, ko ya sayar ya huta?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Kada ka bari a sauke inji tukuna. Injin da ya gaji ba ya warkewa a minti goma. Shi kullum cikin hayaƙi yake, ga shan baƙin mai, ga kasawa a tudu. Taka kuwa lafiyarta lau, wani ɗan abu ne yake yanke mata mai ko wuta in ta yi zafi. Ka tuna 504 a 1968 ta fara fitowa a Faransa, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara haɗa motoci a 1975. Ba kwamfuta a jikinta. Mai, wuta, iska, su ke nan abincinta.

Dalilin da ya sa bakanikenka ya kasa kamawa shi ne, kana kai masa ita bayan ta huce. Kamar ka kai yaro asibiti ne bayan zazzaɓi ya sauka, yana ta wasa. Irin wannan ciwo a inda ta mutu ake kama shi, cikin mintocin nan goma da kake zaune kana salati.

Fara da kunnenka. Yaya take mutuwa? In tana fizga, tana tari, ka taka totur ta ƙi amsawa, sannan ta lafa a hankali, yawanci mai ne ya yanke. In kuwa ɗif take yi lokaci guda kamar an kashe makulli, to ka zargi wuta.

Da ta tsaya, ka gangara gefe, ka je ka buɗe murfin tanki a hankali, kunnenka kusa. In ka ji ya zuƙi iska, fuuu, ka bugi mota kuma ta tashi nan take, magana ta ƙare. Tanki yana da kafar shan iska. In ƙura ta toshe ta, famfon mai zai yi ta ja har ya kasa, sai an huta iska ta sulala ciki. Mutane da yawa sun sayi kafireto saboda wannan 'yar kafa.

In ba shi ba ne, ɗaga bonet, ka cire murfin matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto, yaron mota ya taka totur sau biyu. Ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa. In babu, mai bai iso ba. Nan fa sai ka tuna shekarun tankin nan. Tsatsa, ko ɗan tsumma, ko ledar da wani ya taɓa toshe baki da ita, suna yawo a ciki. Mota na tafiya famfo ya zuƙo su su manne a bakin bututu, ta mutu su saki. Wanke kafireto sau ɗari ba zai yi magani ba, sai an sauke tankin an wanke, an sa sabuwar matatar mai. Haka kuma in bututun mai ya matsa kusa da wurin zafi, man kan zama tururi a ciki, musamman da bazara.

Ban da ruwa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa inda ya samu sauƙi yake saye, jarka kuwa ba ta faɗin abin da ta taɓa ɗauka. Ɗebi kaɗan daga bututu cikin farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa.

In mai yana zuwa, saura wuta. Ni a nawa ganin, yadda ka bayyana, nan na fi zargi. Ka zare babbar wayar tsakiya da ta taso daga kwayil, ka riƙe ta da busasshen tsumma, bakinta kamar rabin santimita daga ƙarfen inji, a buga. Don Allah ka mayar da murfin matatar iska tukuna, kuma ka yi nesa da inda mai ya zuba. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana ƙara ƙyas-ƙyas. In ja ce mai rauni, ko babu sam, taɓa kwayil da bayan hannu. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in ba ya taɓuwa, ka naɗe jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ban da kan wayoyin. In motar da ta saba minti goma ta tashi a minti biyu, ka kama ɓarawonka. Tsohon kwayil yana aiki da sanyi, ya yanke da zafi. Haka ma kwandansa, ɗan ƙaramin abin nan da ke tare da kwantak. Shi kwantak a duba ko ya ƙone, tazararsa kuma a 504 milimita 0.4 ce.

Wani abu da direbobi ke rainawa: tarin makullan shago da na sito da ake ratayawa a makullin mota. Nauyinsu yana cinye cikin makunnin, a faɗa rami ɗaya wuta ta ɗauke. Mota na kunne a tsaye, ka girgiza makullin, ka girgiza ƙananan wayoyin kwayil ɗaya-ɗaya, ka ga ko za ta yi tari.

In za a sake kaya, abu ɗaya za a sake, a yi tafiya biyu ko uku a gani. In an sake huɗu tare, ko ta warke ba ka san wanne ba ne, kuɗin uku ka yi asara. Tsohon da aka cire kuma ka ajiye shi a mota.

Sai dai Alhaji, kai ma ka san halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe take ciki. Ba wurin tsayawa gwaji ba ne, balle da yamma. Ka ware rana guda, ka yi mata lodi kamar kullum, ka ɗauki bakanikenka da kayan aikinsa, ku yi ta kai da kawo tsakanin Bungudu da Gusau da hantsi har ta mutu a gabansa. Man da za ka ƙona bai kai kuɗin sauke inji ba. Abin da kuka gani, ka sake rubuto mana, akwai masu irin motarka da ke saurare. Allah ya kiyaye hanya.