Jawabin Bakanike Ga Direbobin Runka

Lodin hatsi da ramukan hanya daga Runka zuwa Safana ko Batsari su ke kashe ƙafar mota, musamman tsohuwar Fijo 504.

Ku danna gefen motar da ƙarfi, ku saki. In ta yi ta lilo, ko kuka ga shokozoba tana yoyon mai, ta mutu. Ku canza biyu tare, dama da hagu.

Kafin ku shiga ƙarƙashin mota, ku sa dutse a taya, ku tokare ta da gungume. Jak kaɗai yakan zame, mota ta danne mutum.

Sifirin da ya karye, kada a yi masa walda, a sa sabo. A rage lodi. Allah ya kiyaye hanya, amin.