Dutse da Idon Mai Zane: Matsayin Tsaunuka a Fasahar Zamani



Masu iya magana sun ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko da yake don matafiyi aka yi wannan karin magana, ta dace ƙwarai da batun da za mu tattauna a yau, domin kowa yana hangen dutse, amma kaɗan ne suke tsayawa su ƙura masa ido har su san shi. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa mashahuran masu zane sukan zaɓi dutse guda ɗaya, su yi ta zana shi shekara da shekaru ba gajiya? Amsar a taƙaice ita ce, dutse ma'auni ne. Da yake yana nan daram inda yake, da shi mai zane yake auna duk abin da ke sauyawa, watau haske, da yanayi, da rayuwar jama'a, har da shi kansa.

Bari mu fara da magabata biyu. Na farko shi ne Hokusai, mutumin Japan, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849. Yana da kimanin shekara 70 ya soma jerin zanensa na Dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776. Akan sassaƙa zanen a jikin allon katako, a shafa launi, sannan a buga a takarda. Da farko guda 36 ya yi, da kasuwa ta karɓe su sai ya ƙara 10. Abin lura shi ne, a yawancinsu dutsen ɗan ƙarami ne can nesa. Masunta da masu tsaga katako da fatake su ne a gaba, kowa yana fama da neman abinci. Ashe ke nan dutsen shaida ne kawai, labarin kuwa na mutane ne.

Na biyu shi ne Paul Cézanne na Faransa, wanda ya zana Dutsen Sainte-Victoire da ke kusa da garinsu, Aix, fiye da sau 60. Tun yana fitar da itatuwa da gidaje dalla-dalla, har ya kai ga jera dabbare-dabbaren launi kurum, shuɗi da kore da ruwan ƙasa, ya bar idon mai kallo ya harhaɗa dutsen da kansa. Dutsen bai gusa ba, idon mai zanen ne ya yi ta sauyawa har rasuwarsa a 1906. Daga wannan aiki ne su Picasso suka koyi rarraba siffar abu zuwa sassa, wanda ya zama ɗaya daga tubalan fasahar ƙarni na 20.

To, ina aka kwana a zamaninmu? Misali na farko shi ne Etel Adnan, marubuciya kuma mai zane, wadda aka haifa a Bairut ta ƙasar Labanan a 1925. Ta koyar da falsafa a Kalifoniya ta Amurka, ta koma gida a 1972, sai ga yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, ya sake raba ta da garinsu. A Kalifoniya ta zauna inda take ganin Dutsen Tamalpais daga tagarta, ta yi ta zana shi a kan 'yan ƙananan ƙyallaye, tana shimfiɗa fenti da 'yar wuƙa maimakon buroshi. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci zai gane dalili: wanda ya rasa gida yana bukatar abin da zai tarar kowace safiya a inda ya bar shi. Duniya ba ta san darajar zanenta sosai ba sai a babban baje-kolin Documenta na birnin Kassel a Jamus, a 2012, tana da shekara 87. Ta rasu a 2021.

Misali na biyu ya juya maganar gaba ɗaya. A 1999, Olafur Eliasson, wanda iyayensa 'yan tsibirin Aisland ne, ya ɗauki hotunan ƙanƙarar da ta lulluɓe tsaunukan ƙasar daga cikin jirgin sama. A 2019 ya koma wuraren, ya sake ɗaukarsu daga kusurwa guda, ya jera su bibbiyu har kashi 30, tsoho kusa da sabo. Inda dā fari fat yake, sai ga baƙin dutse tsirara. Gani ya kori ji. Abin da masana suka daɗe suna faɗa da alƙaluma game da ɗumamar duniya, hoto ya nuna shi a fili. Haka abin yake a nahiyarmu, domin Kilimanjaro na Tanzaniya ya yi asarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kansa tun daga 1912. Ma'aunin da kansa ya fara motsi, saboda haka aikin mai zane ya zama har da ba da shaida.

Jama'a, wannan batu ba baƙo ba ne a gare mu. Magabata sun bar zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, sun sassaƙa raƙuman dawa a Dabous cikin yankin Azbin na Nijar. Tarihin Kano daga gindin Dala ya faro, da Barbushe da mutanensa. Dutsen Zuma kuwa ya shiga aljihun kowa lokacin da aka fitar da takardar Naira 100 a 1999. Bugu da ƙari, a Zariya ne Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, da nufin haɗa fasahar gado da dabarun da suka koya a aji. Amma a yau gidaje sun yi wa Dala zobe, kuma a wurare da dama ana fasa duwatsu da nakiya don samun tsakuwar gini. Dutsen da aka niƙe kuwa ba ya sake tsirowa.

Don haka kirana ga ɗalibai shi ne, kowa ya zaɓi dutse guda, ko Kufena ne ko na bayan garinsu, ya zana shi da damina da kaka da hunturu da bazara, ya rubuta kwanan wata, ya adana. Ku kuma ma'aikata, da kuke sa hannu a takardun filaye da izinin fasa dutse, ku riƙa tambaya kafin sa hannu: wane tarihi ne ke jikin wannan dutse, kuma wa ya taɓa adana siffarsa? Ta haka ne na baya za su san abin da muka tarar, da abin da muka bar musu.