Nijar ba ta da teku, amma tsaron teku ya shafe ta

Manomin shinkafa a unguwar Saga ta birnin Yamai kogin Kwara ya sani, ba teku ba. Amma takin gonarsa da injin ban ruwansa galibi sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome kafin su hau babbar mota.

Shi ya sa fashin teku ba labarin wasu ba ne. A shekarar 2020 an sace ma'aikatan jirgin ruwa 130 a mashigin tekun Gini. Da haɗari ya ƙaru, kuɗin inshora ya tashi, kuma mai saye a kasuwa ne ya biya.

Ƙasashen yankin sun ƙulla yarjejeniyar Yawunde kan tsaron teku a 2013, aka sa Nijar rukuni ɗaya da Najeriya, Benin da Togo, cibiyarsu tana Kwatano. Najeriya ta kafa dokar hukunta ƴan fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, hare-hare kuwa suka ragu ƙwarai.

Sai siyasa ta shigo. Iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kaya suka koma zagaye ta Burkina Faso, Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO. Ga shi kuma ɗanyen man Agadem ta gabar Benin yake fita tun 2024. Ya kamata hukumomi su ware batun tsaron teku daga rigimar siyasa, su ci gaba da musayar bayanai da maƙwabta.