Kafin a Sa Wuƙa: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Shekara

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, alhazai da hajiyoyi, da ƴan'uwa da suka tsallako daga Jibiya, Katsina da Kano, sannunku da zuwa Maraɗi, barkanmu da zagayowar wannan rana.

Ma'aji ya gama karanta lissafin shekara. Mu kuma a ofishin magatakarda, kwamiti ya ce mu taɓo maganar da ke zuwa gaban asusun taimako cikin kunya da rufa-rufa: cutar dajin mama, wadda wasu ke ce wa sankara ko kansa, da kuma hannun da muke miƙa wa matanmu ya yi musu fiɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan cuta a jikin mata wajen miliyan 2.3, ta kuma kashe kusan 670,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 na nan da ransu shekara biyar bayan gano ta. Abin da ya raba mu da su shi ne zuwa da wuri, da faɗawa hannun waɗanda suka karanci aikin.

Mu ƴan kasuwa ne. Ba mu sayen mota sai mun ga takardunta, ba mu tunkarar duwan a Ɗan Isa da kaya marasa takarda. Amma in ƙullutu ya fito a nonon uwar ƴaƴanmu, sai mu bi "an ce wane hannunsa na da kyau". To, likitan fiɗa ma yana da takardunsa, kuma neman ganinsu ba rashin kunya ba ne.

Ga yadda ake zama likitan fiɗa. A Najeriya sai mutum ya yi shekara shida a jami'a, ya ƙara shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manya, kafin hukumar rajistar likitoci ta MDCN ta ba shi cikakkiyar rajista, lasisinsa kuma kowace shekara ake sabunta shi. Wannan ya zama likita, amma bai zama ƙwararren fiɗa ba tukuna. Sai ya sake shekara biyar zuwa shida a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawa mataki-mataki. Idan ya gama, za ku ga haruffan FWACS ko FMCS a bayan sunansa. FWACS shaida ce ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960, ta kuma haɗa masu Ingilishi da masu Faransanci. A nan Nijar, bayan aƙalla shekara bakwai na karatun likita, irin wanda ake yi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, mai son fiɗa yana ƙara wajen shekara biyar ya samu takardar ƙwarewa ta DES. Ku lissafa da kanku: aƙalla shekara goma sha biyu kafin a sakar masa wuƙa shi kaɗai. Farar riga kuwa ko tela ya iya ɗinka ta.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganin wannan cuta aikin ayari ne, likitan fiɗa madugu ne kawai a wani zango. Akwai likitan hoto, mai duba nono da na'ura. Akwai likitan gwajin tsoka, wanda ake kai wa ɗan abin da aka ciro da allura daga ƙullutun, ya duba a madubin gwaji. Shi ne zai ce daji ne ko ba daji ba, don galibin ƙullutun nono ba daji ba ne. Shi ne kuma zai faɗi irinsa: wani yana jin ƙwayar da ake sha kullum har shekara biyar ko fiye, irin su tamoxifen, wani kuma sai wani magani dabam. Akwai likitan da ke ba da maganin ƙarin ruwa na kashe daji, wanda galibi ake yi duk bayan sati uku. Akwai likitan gashi da na'ura, da likitan sa barci a ɗakin fiɗa, da ma'aikatan jinya masu wankin ciwo da koya wa mace motsa hannu don kada kafaɗa ta ƙage.

A inda ake aiki yadda ya kamata, waɗannan mutane suna zama su tattauna kan mara lafiya kafin a yanke shawara. Wata za a fara mata da ƙarin ruwa don ƙullutun ya ragu. Wata za a cire ƙullutun kaɗai a bar nonon, amma sai an bi da gashi. Wata za a cire nonon duka, a duba kaluluwar hammata. Wanda ya yanka ba gwaji, ya yar da abin da ya ciro, ya bar na bayansa cikin duhu, tamkar direban da ya ƙona takardun kaya kafin shingen duwan.

Muna jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Iyayenmu mata, allurar gwaji ba ita ke tayar da cutar ba. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da tsaga su ne ke ba ta hanya zuwa hammata, ƙashi da huhu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a 2021: daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, a gama bincike cikin kwana 60.

Saboda haka, duk wanda zai raka mara lafiya, ya riƙe tambayoyi biyar. Likita, kai ƙwararren fiɗa ne, kuma ka saba yin aikin nono? Za a yi gwajin tsoka kafin fiɗa? Ina za a kai abin da aka cire, yaushe sakamako zai fito? Wa zai ba da ƙarin ruwa bayan aiki? In ana bukatar gashi, ina za a tura mu? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayar ƙarshe tana da nauyi a aljihu. Na'urar gashi ba ko'ina take ba. A Nijar, cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai ta samu tata a 2021, tsakaninmu da ita kuma fiye da kilomita 600. A arewacin Najeriya akwai sassan gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato. Gashi kuma zuwa ne kusan kullum na makonni. Sai a tanadi masauki, abinci da mai jinya tun kafin fiɗa, a kuma buga waya a tabbatar na'urar na aiki kafin a hau mota.

Abin da ya fi cutar da mu masu tsallaka iyaka shi ne tsinka magani gida biyu: fiɗa a Kano, ƙarin ruwa a Maraɗi, takarda ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, wata ta ɓace a tasha. Sabon likita sai ya sake gwaji daga farko, a biya da naira, a sake biya da sefa, cuta kuma ba ta jira. Kada ku bar asibiti sai da sakamakon gwajin tsoka, da bayanin fiɗar da aka yi, da sunayen magunguna da ranakun da aka ba da su. Ku ɗauki hotonsu a waya.

Ofishinmu na gabatar wa taro shawara uku. Ta farko, asusun taimako ya fara biyan kuɗin hoto da gwaji, ba sai an kai ga fiɗa ba. Ta biyu, a zaɓi mata biyu cikin hajiyoyinmu da za a riƙa kai wa irin wannan magana cikin sirri. Ta uku, duk mai buƙatar a kwafe masa takardun asibiti, ko a haɗa shi da mai masauki cikin ƴan ƙungiya a Kano, Zariya ko Yamai, ya zo ofis, kyauta ne.

Alhazai, in uwargida ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta, kada a ce sai an dawo daga tafiya. Kaya na iya kwana a iyaka, wannan ba ya kwana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya maimaita mana baɗi.